Mi Yak Kai Ka?

Ɗan yayana ya kwana biyu a bayan kanta saboda maganar da ba ta kai minti biyu ba. Ba sata ya yi ba, bai daki kowa ba, ko ashar ɗaya babu a bakinsa. Cewa aka yi za a kawo taki mai rangwame, aka rubuta sunaye, aka karɓi hotuna. Damina ta yi nisa, ganyen gero ya soma ɗorawa, ba wanda ya ga ko ƙyallin buhu. Shi ne yaron ya danna wayarsa ya yi magana a zauren WhatsApp na samarin Cheberu: buhu nawa aka kawo, ina aka sauke, wa ya karɓa? Na saurari muryar nan ya fi sau goma. Da sallama ya fara, da "don Allah a yi mana bayani" ya ƙare, kana jin kukan akuya a bayansa.

Bayan kwana uku, an idar da sallar isha'i ke nan, sai ga mutum biyu a kan babur suna tambayarsa. Aka tafi da shi inda ake tafiya da mutane. Yayana ya kwance ragon da ya turke don Babbar Salla ya kai kasuwa, ya biya kuɗin belin nan da kowa ya san a takarda kyauta ne. Kafin a sake shi kuma sai da aka sa ya ɗauki wata muryar, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya nemi gafarar manya.

Duk wannan ya ƙona mini rai, amma ba shi ya hana ni barci ba. Ranar da ya dawo ina zaune a zaure. Ya shigo, rigarsa duk ta yi baƙi, ya durƙusa. Na zaci uban zai tambaye shi ko an dake shi, ko ya ci abinci. Sai ya dube shi ya ce, "Kai wanga yaro, mi yak kai ka? Kai ɗai ad da baki garin ga?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tambaya ɗai niy yi." Uban ya ce, "To ka ga amsa."

Mi yak kai ka. Da wannan tambaya muka raini 'ya'yanmu, da ita aka raine mu. A kama mutum ba bisa ƙa'ida ba, ba wanda zai tambayi mai kamun wa ya ba shi izini, sai a taru a kan wanda aka kama ana tuhumar bakinsa. Ba na ganin laifin Yaya, uba ne, kuma ragonsa ne ya tafi. Laifin na waɗanda suka koya masa wannan karatu ne, kuma sun koya masa da kyau, don ba da talaka suka fara ba a wannan masarauta tamu.

Ranar 3 ga Yuni 2005 gwamnatin Adamu Aliero ta tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Al-Mustapha Haruna Jokolo, wanda ya gaji mahaifinsa a 1995. Cikin abubuwan da aka zarge shi da su har da furta kalamai masu barazana ga tsaron ƙasa. Wato shi ma baki ne. Ba a tsaya ga tuɓewa ba, aka ɗauke shi daga Birnin Kebbi aka nausa da shi jihar Nasarawa, Lafiya da farko, daga baya Obi. Mutumin da jiya ake busa wa algaita, yau sai an ba shi izini ya leƙa ƙofar gida.

A fahimce ni, ba rigimar sarauta ta sa na ɗauki alƙalami ba. Mai Martaba Muhammadu Iliyasu Bashar shi ne Sarkin Gwandu, yana kan karaga tun 2005, kotu kuma ta rufe wannan babi. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da aka bi, domin hanyar tana nan ba ta toshe ba, kuma ba sarakuna kaɗai ake bi da ita ba.

Shari'a biyu aka yi. A ta farko, wadda ta shafi korarsa daga ƙasarsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa a 2013 cewa gwamna ba shi da hurumin ɗaukar ɗan Najeriya ya jefa shi wani gari ya ce nan za ka zauna. Yin haka ya saɓa wa tsarin mulki. Madalla. Sai dai an yi hukuncin ne shekara takwas bayan an riga an aikata, ihu bayan hari, kuma ban ji an kira wanda ya sa hannu a takardar ya amsa ko tambaya ɗaya ba. A ta biyu, wadda ta shafi karagar kanta, Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ce a 2014 a mayar da shi, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta sake tabbatar da haka a 2016. Aka tafi Kotun Ƙoli. Ranar 4 ga Yuni 2025, shekara 20 da kwana ɗaya cif, alƙalai uku cikin biyar suka rushe duka. Da wane dalili? Wai tun asali bai kamata ya ruga kotu ba sai ya fara kai kokensa gaban gwamna, kamar yadda dokar naɗa sarakuna da tuɓe su ta tanada.

Na karanta wannan labari sau uku don in tabbata ba idona ba ne. Alƙalan doka suka bi, ban ce sun ci hanci ba, ban ce ba su san aikinsu ba. Dokar ce abin kunya. Wanda ya kore ka, ya sa aka tsare ka a garin da ba ka san kowa ba, shi za ka fara rubuta wa takarda ka ce ranka ya daɗe, an zalunce ni, a duba. Kura ta cinye maka akuya, an ce ka fara kai ƙara gindin raminta. Ko a gaban mai unguwa ba a yin irin wannan shari'a. Kuma dokar tana nan a littafi, 'yan majalisarmu na jiha suna zaune a kanta, ba wanda ya ɗaga yatsa ya ce a gyara.

Akwai wani abu a tarihin Jokolo da masoyansa ba su son a tuna, ni kuwa sai na tuna. Shi ne dogarin Janar Muhammadu Buhari lokacin mulkin soja na 1984 zuwa 1985. A zamanin nan aka yi Dokar Soja ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya-ɗaya saboda labarin da suka buga. A zamanin nan aka yi Dokar Soja ta 2, ta tsare mutum ba shari'a. Ban ce shi ya rubuta su ba, matashin hafsa ne a lokacin. Amma yana tsaye a bayan kujerar da aka sa musu hannu. Bayan shekara 20 irin wannan iko ya juyo ya same shi har cikin fada. Wannan bai halatta abin da aka yi masa ba ko kaɗan. Abin da yake nuna mini shi ne takunkumi ba ya tambayar bakin waye.

Kakanninmu sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kamar sun hango. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnatin Ganduje ta tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II, aka kai shi Loko, daga nan aka wuce da shi Awe ɗin kanta, a jihar Nasarawa ɗin dai. Shekara bakwai ke nan bayan kotu ta ce haramun ne. An san hukuncin, aka take. Shi da yake yana da manyan lauyoyi da manyan abokai, kwana huɗu ya yi kotu ta ce a sake shi, daga baya a 2021 ta ce a biya shi diyyar naira miliyan 10. Kafin su, Abacha ya yi wa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki haka a 1996, aka kai shi Zing. In ka bi sawun abin har tushe, gidan Nasara za ka iske: su suka ɗauki Sarkin Kano Alu bayan 1903 suka ajiye shi Lokoja har ya rasu. Turawan sun tafi tun 1960, suka bar mana bulalar rataye a bango, kowane gwamna ya zo sai ya sauko da ita ya gwada ko tana aiki.

To idan mai rawani da lauyoyi goma ya yi shekara 20 yana zarya, aka ce masa ya bi ta ƙofar da ba ita ba, ɗan manomin albasa daga Cheberu ko Dalijan ko Kambaza fa? Da kuɗin motar Birnin Kebbi ma sai an yi shawara.

A watan Satumba 2025 wani mutumin Kangiwa, nan jiharmu, ya ɗauki bidiyon wani dattijo majinyaci kwance a kan ƙarfen gado babu katifa a babban asibitin garin. Bidiyon ya zagaya duniya. Me ya biyo baya? Aka kama mai ɗaukar hoton. A cikin kwanakin nan kuma Gwamna Nasir Idris ya dakatar da kwamishinan lafiya. Ina so wani mai hankali ya warware mini wannan. Idan bidiyon ƙarya ne, me kwamishina ya yi? Idan gaskiya ne, me mai waya ya yi? Ba a haɗa biyun. Mutumin da ya nuna maka inda ɗakinka yake yoyo, godiya ya cancanta, ko ba ka ba shi tukwici ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Amma kowane ma'aikacin asibiti, kowane malamin firamare da ke koyarwa a ajin da rufinsa ya yaye, ya ga abin da ya faru kuma ya fahimta: katifa na iya zuwa, amma wanda ya yi maganarta shi zai kwana a siminti.

Haka aka yi wa wata budurwa a Sakkwato a ƙarshen 2024, bayan ta yi bidiyo tana kuka da halin da 'yan bindiga suka jefa matan ƙauyuka. Ita aka gurfanar. Haka aka bi wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse har makaranta a 2022 aka kai shi Abuja saboda ya rubuta magana a kan matar shugaban ƙasa. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a farkon Agusta 2019, kuma shekaru suka yi ta wucewa iyalinsa ba su ga gawa ba, ba su ga mai rai ba.

Wanda ba na iya mantawa shi ne na 1 ga Nuwamba 2024. Yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, yawancinsu 'yan Kano da Kaduna, aka shigo da su Babbar Kotun Tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare. Kowa ya ga hoton. Haƙarƙari a waje, wuya kamar sillen kara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Tuhumar da ake musu har da cin amanar ƙasa. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10, yaron da ko takalmin kirki ba shi da shi. Da duniya ta yi caa, shugaban ƙasa ya ce a sake su, aka kai su fadar gwamnati aka yi hotuna. Mutane suka yi ta godiya. Godiyar me? Wanda kalmarsa ɗaya ta buɗe ƙofa, shirunsa ne ya rufe ta wata uku. 'Yancin da sai an ji tausayinka ake ba ka, sadaka ce, kuma mai sadaka yana iya hanawa gobe.

Abin haushin, a takarda ba mu rasa komai ba. Babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera su. Sashe na 39 ya ba kowa damar faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da yaɗa shi. Sashe na 41 ya ce ka zauna duk inda ka ga dama a Najeriya. Sashe na 35 ya ce in an kama ka a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Ɗan yayana bai ga alƙali ba. Ba a so ya gani, don ba a da abin da za a karanta masa. Tsarewar ita ce hukuncin, ragon shi ne tarar. Ga na birni kuma akwai sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka rubuta da kalmomi masu faɗi kamar bakin rijiya, har ɓata wa mutum rai da saƙo ya zama laifi. An rage masa kaifi a 2024, amma kame bai tsaya ba. Ita gwamnatin tarayya ma ai da kanta ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 bayan an goge saƙon shugaban ƙasa, daga baya kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce mata ta karya doka.

Na san abin da za a ce, na sha ji a majalisa. Za a ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, suna zagin sa'o'in iyayensu, suna ƙaga ƙarya. Gaskiya ne, akwai su, kuma ni ma suna ba ni haushi. Ƙazafi laifi ne a addini, laifi ne a doka. Wanda aka ɓata wa suna ya tafi kotu da rana tsaka kamar kowa, ya kawo shaidu, a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai mulki ya zama shi ne mai ƙara, shi ne mai kamu, shi ne alƙali, shi ne kuma mai yafewa in an zo an durƙusa. Za a kuma ce tsaro. Kullum tsaro. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Masu bindiga suna karɓar haraji a ƙauyuka, suna kora shanu da rana. Su ba a aika musu mutum biyu a kan babur bayan isha'i. Ƙarfin duka ya ƙare a kan mai wayar dubu talatin.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai cewa wannan surutu na 'yanci kayan Turawa ne, mu al'adarmu biyayya ce, bin na gaba bin Allah. A ƙasar Gwandu ake faɗa mini haka? Hubbaren wa ke cikin garin Gwandu? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, ya duba mutanensa, ba abokan gaba ba, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukata. Bai yi kurum ba. Ya faɗa, ya rubuta, har ya bar rundunar ya kama hanyar gabas da niyyar ba zai dawo ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, littafi sukutum a kan abin da ya wajaba ga mai mulki da inda ikonsa ya tsaya. Yayansa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙ, ɗaya bayan ɗaya ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, harajin da ba shi da tushe, da ƙwacen dukiyar talaka, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Da a yau suka yi wannan rubutu, da wani mai taimaka wa gwamna kan yaɗa labarai ya fito ya kira su 'yan adawa masu neman tada zaune tsaye. Muna kai ziyara hubbare, muna sa wa makarantu sunansa, littafinsa kuwa mun bar wa gara. Malaman da ke hawa mumbari su karanta mana rabin da ya ce a bi shugaba, su tsallake rabin da ya ce shugaba ma akwai abin da yake bi, su ma Allah yana ganinsu.

Ba a nan ta tsaya ba. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano, tun daga 1950, sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda lacca a bakin kasuwa. Gambo Sawaba, mace, ta shiga kurkuku ta fita har ta saba da hanyar. Ba Turanci suke yi ba, da Hausa suke faɗa, kuma yawancin abin da talaka yake taƙama da shi yau da bayansu aka saye shi.

Sai kuma mu. Mu ɗin nan masu zama gindin darbejiya muna shan shayi. Ranar da aka kama ɗan wata jam'iyya, 'yan ɗaya jam'iyyar har tafi suke, suna cewa maganinsa ke nan, baki shi ke yanka wuya. Bayan shekara huɗu kujera ta juya, masu tafin su koma masu kuka, suna neman wanda zai tsaya musu. Na ga mutanen da suka yi Allah wadai da abin da aka yi wa Jokolo sun yi murna da na Sanusi, na kuma ga akasin haka. Ba zaluncin muke ƙi ba, so muke ya faɗa gidan maƙwabci. Lokacin da ɗan yayana yake tsare, zauren nan mai mutum fiye da ɗari ya yi tsit. Waɗanda suka fi shi cin asarar takin, waɗanda suka tura masa alamar yabo a ɓoye, ba wanda ya taka ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ni ma ina da wannan tambaya. Da mutum ashirin sun je da rana, cikin ladabi, ba jifa ba zagi, da ragon Yaya ya ga Salla. Ni kaina ban je ba sai a rana ta biyu, kuma da na je ban yi maganar sashe na 35 ba. Haƙuri na bayar, har da cire hula.

Zauren yana nan. Yanzu ba a sa komai ciki sai sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da sakamakon ƙwallo. An sake zuwa rubuta sunayen taki, yaron ya sake kai hotonsa, ya dawo bai ce uffan ba. Na ce masa, "Ba ka tambayi ko buhu nawa ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba Baffa."

Daren jiya na iske Yaya a zaure yana gyara igiyar rijiya, na faɗa masa zan rubuta wannan a jarida. Ya daɗe bai ɗago ba. Na jira ya ce mini mi yak kai ka. Bai ce ba. Ya ƙulle igiyar, ya ja ta da ƙarfi ya ga ta riƙe, sannan ya ce, "Rubuta. Amma kak ka sa sunan yaron."

Ban sa ba.